Jujin Bayan Gidanmu Ya Koma Gona

Zuwa ga yayana Malam Habu a Agadas,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya iyali, yaya zaman baƙunta? Mu nan Gumel lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Bayan haka, albishirinka. Kafin damina mai shela ya zaga gari da umarnin hukuma, cewa kowace unguwa ta kwashe jujinta, wanda ya ƙi a kai shi gaban alƙali. Maƙwabta suka yi ta gunaguni, kowa na cewa jujin bayan gidanmu ba nasa ba ne. Sai na je wurin mai unguwa na ce, "Ranka ya daɗe, a bar mini shi." Ya ce, "Isa, lafiyarka kuwa?"

Na ari jakunan Kawu Bala na yi ta jigila zuwa gonar marigayi Baba, wadda Kawun ya ce a rabu da ita saboda ƙasarta ta mutu. Har aka sa mini suna Sarkin Juji.

Yaya, da ka ga geron bana! Rumbunmu ya cika, sai da muka gina wani. Kawu ya tsaya a bakin gonar ya ce, "Wannan ba ta barin gidanmu." Masu yi mini dariya kuwa yanzu har rigima suke yi a kan shara.

Ka sa mu a addu'a. Ka gaida mai ɗakinka da yara. Inna ta ce ka dawo ka ci tuwon gonar mahaifinka.

Ƙaninka,
Isa