Reshen Dashi a Kejin Kaka

Daren Alhamis, watan Safar

Yau ƙungiyar masu kula da lambun shaƙatawa na unguwarmu suka zo duba shuke-shuke. Ba gwamnati ba ce, sa kai ne. Su suke kawo dashe da kejin kara, kowa a ba shi bishiya ɗaya ya riƙa shayarwa. Wanda tasa ta mutu, a sake masa.

Mangwaron Kaka, tsohon gidanmu, akuya ta cinye shi tun sati uku da suka wuce, ni kaɗai na gani. Sai na saro reshen dashi na kafa a kejin, don in ga kwana nawa tsoho zai yi yana ban ruwa ga sanda. Idonsa ya yi rauni. Kullum jarka biyu yake ɗaukowa daga kogi, ina bayan katanga ina dariya.

Da shugabar ƙungiya ta leƙa kejin, sai ga ganye ya tsiro. Na manta dashi ko a shinge aka soka shi kamawa yake. Ta ce wannan tana raye, ta ba maƙwabcinmu mangwaron ƙarshe.

Bayan la'asar na faɗa wa Kaka gaskiya.

Ya ce, "Ja'iri, don marigayiya kakarka na shuka mangwaron, sadaka ce. Dashi inuwar me zai yi?"

Na ce, "Tsoho, ko ƙadangare ya fake ai lada ne."

Bai yi dariya ba. Ya turo min jarkokin da ƙafa. Sai baɗi za a sake rabon dashe.