Ƙafar Baba da Motar Zogale

Maradi, Litinin

Zuwa ga Yaya Inusa, Jiratawa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya aikin garka? Na ba Shamsu direba takardar nan don wayarka kullum a kashe take.

Ƙanwarmu Mariyam ta biyo ta nan za ta koma Tsibiri, ta ce yatsan ƙafar Baba ya yi baƙi har ya fara wari. Yaya, mai ciwon suga ba a yi masa sai an jima! Ka kawo shi Talata ko Laraba, ko a bayan babur ne. Ranakun nan irjans, inda muke karɓar masu ciwon gaggawa, babu cunkoso.

Don Allah kada ka jira Juma'a. Shekara shida ina aikin jinya a asibitin nan, na san ranar kasuwa: kowane ƙauye sai ya haɗo marasa lafiyarsa da buhunan albasa a mota guda. Gado goma sha biyu ne, mutane har waje gindin itacen bedi. Kuma likitan fiɗa in ya tafi masallaci, sai Litinin.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Tsahara

Jiratawa, Laraba

Tsahara,

Wa alaikumus salam, muna lafiya. Ke dai da gaggawa aka haife ki. Yau ne layin ruwanmu, in na tsallake shi zogale ya ƙone, sai wani mako. Gobe yankan zogale. Jibi Shamsu zai ɗauki kaya, Baba ya zauna gaba abinsa, a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Haka kowa ke yi a garin nan tun ba a haife ki ba. Baba ma ya ce Juma'a ranar albarka ce.

Kuma ba kina ciki ba? Wa zai bar uban ma'aikaciya a layi?

Allah ya bar zumunci.
Yayanki, Inusa

Maradi, Asabar

Yaya,

Sallama. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba. Jiya ka sauke Baba ka wuce kasuwa, ko rabin awa ba a yi ba aka shigo da mutum goma sha huɗu, motarsu ta kife a hanyar Tsibiri. Sau nawa na wuce Baba a gindin bedi, hannuna duk jini, yana kallona yana cewa, "Je ki, 'yar nan, sun fi ni." Ni ce a ciki, Yaya, to me na iya? Sai la'asar ya samu gado, likita ya daɗe da tafiya. Baƙin ya wuce idon sawu.

Sai ka ji daga gare ni.
Tsahara

Maradi, Litinin

Yaya,

Sallama. An yi aikin, an yanke ƙafar ƙasa da gwiwa. Ya farka, ya ce in tambaye ka ko zogalen ya sayu.

Ga takalminsa na hagu nan na ba Shamsu. Ka ajiye.

Ƙanwarka, Tsahara