Makullin Ɗakin Jita

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya zaman asibiti? Allah ya ƙara sauƙi.

Har yau ina ganin ranar da aka zo ɗaukar ka, ka tsallake mijina, ɗanka, da ke tsaye ka miƙo mini makullin ɗakin jita. A littattafan da nake karantawa, irin wannan makulli akan tarar da wasiƙun tsohuwar budurwa a bayansa. Ni jita goma sha ɗaya na tarar a rataye, da amfilifaya shida masu ƙara sauti, da ƙamshin tsohon katako.

Baba, na yi ɓarna. Na ga tsirkiyoyin duk sun yi sako-sako, suka ba ni tausayi kamar marayu, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ɗaurewa. Da na zo kan jar nan ta bakin taga, sai ji na yi tas! Ɗaya ta tsinke.

Sannan ɗanka ya ce tunda likita ya ce hannunka na hagu ba zai koma daidai ba, a kwashe kayan a yi wa ɗakin fenti saboda baƙon da muke jira. Wai ni zan yanke, tunda makulli na hannuna. Ni ko abinci na kasa ci.

Ka huta lafiya.
'Yarka

*

'Yar Littafi,

Wa alaikumus salam. Jiki da sauƙi, abincinsu ne babu gishiri.

Marayun naki ni na sassauta su da gangan. Jitar da ba a kaɗawa, in aka bar ta a ɗaure, wuyanta lanƙwashewa yake yi. Koma ki kwance. Tsirkiya kuwa, a shekara arba'in na tsinka abin da ya fi gashin kaina yawa. Babbar amfilifayar mai fitilu a baya, ki kunna ta duk mako, ki bar ta ta yi ɗumi kafin ki nemi magana a wurinta. Halinsu ɗaya da mijinki da safe.

Shi tun yana rarrafe yake toshe kunne in na fara kiɗa. Ke kuwa na sha hango ki a bakin ƙofa, littafi a buɗe, tun la'asar ba ki juya shafi ba. Shi ya sa na ba ki makullin.

Jar nan da ita na yi wa marigayiya surukarki kiɗa har ta yarda da ni. Ga tsohuwar budurwar da kike nema.

Jikana ya fi katako. A kwashe. Roƙona ɗaya, a gama kafin a sallame ni, kada in gani.

Allah ya sauke ki lafiya.
Babanku

*

Baba,

Barka da warhaka.

Na kwance goma. Jar na sa an saka mata sabuwar tsirkiya, na bar ta a ɗaure, don ka ce wadda ba a kaɗawa ake sassautawa. Yatsuna duk sun yi ja, ɗanka kuma ya koma toshe kunne, yana dariya.

Gadon jariri ya samu wuri a ɗakinmu. Littattafaina ne suka tashi, kwali uku, na kai wa ƙanwata, ina tafe ina waiwaye.

In an sallame ka, kai ka zauna ka faɗa, ni in danna tsirkiya. Ba za a kwashe komai ba.

Sai ka dawo.
'Yarka