Maigidana Ya Ce Ni Malalaci Ne, Hukuma Ta Rubuta

Manang Cora, babbar yayarmu mai ba ’yan ƙasarmu shawara a wannan shafi,

Shekara shida ke nan rabona da gida. Ki taimake ni, don abin da na daɗe ina roƙon Allah ya samu, amma na rasa inda zan sa kaina. Kowa na taya ni murna, ni ma ina ta washe baki, can cikin ƙirjina kuwa akwai wani ƙulli da ya ƙi sauka.

Ni bakaniken injinan noma ne, mutumin garin Iloilo, can ƙasarmu ta tsibirai. Ina aiki a wani ƙaramin garin manoman alkama a yammacin Ostareliya, a garejin wani dattijo mai suna Clarrie Pengilly. Shi ya ɗauko ni, shi kuma ya tsaya mini wajen neman bizar zaman dindindin, wadda ake ba ma'aikacin karkara idan ubangidansa ya shaida cewa yana buƙatarsa. Matata Nenita da yaranmu biyu suna cikin takardar, suna gida suna jira.

Kin san halin mutanen nan. Ni gajere ne, tun makon farko suka laƙaba mini Dogo. Noel mai gidan mai, wanda kansa ke sheƙi kamar ƙwai, Mai Suma ake ce masa. Idan ka gyara injin da ya gagari kowa, babban yabon da za ka samu shi ne, “Ba laifi, ashe wataran kana da amfani.” Clarrie kuwa shi ne sarkinsu. Da safe gaisuwarsa ita ce, “A’a, malalacin ya iso! Ko gadon ne ya kore ka?” Ni kuma in ce, “Ina kwana, Yallaɓai.” Ya hana ni yallaɓan nan har ya gaji. Mu a gida ba a haɗa kafaɗa da wanda ya girme ka, balle mai biyan ka albashi.

To, ana tsakiyar girbi, Clarrie yana kwance ƙarƙashin injin wani manomi a gona, sai wayarsa ta yi ƙara. Wani ya ce daga ofishin biza yake, yana so ya tabbatar ko da gaske garejin na buƙatar wannan ma’aikaci. Ashe makon da ya wuce Noel ya kira shi da sauyin murya, wai shi jami’in haraji ne, ya sa shi gumi sannan ya fashe da dariya. Sai Clarrie ya ce a ransa, yau ba za a maimaita ba. Ya ce, “Wa, Dogo? Wannan malalacin banzan? Ba abin da yake tsinanawa sai shanye mini shayi. Ku zo ku kwashe shi, ni zan biya kuɗin mota. Kai kuma Noel, je ka nemi aikin yi.” Ya kashe wayar yana jin daɗin kansa.

Ba Noel ba ne, Manang.

Ban ga laifin ma’aikacin ba. Ya yi tambaya, an ba shi amsa, ya rubuta. Sun ma aiko da saƙon neman ƙarin bayani, ya kwanta a kwamfutar gareji, wadda ba mai waiwayarta sai an gama girbi. Da hukunci ya fito, an ƙi buƙatar garejin, tawa bizar ta bi ta. Na karanta da idona, a takardar gwamnati, cewa ubangidana da kansa ya ce ba ni da amfani.

Muka ɗaukaka ƙara. Fiye da shekara biyu ina zaune a kan bizar wucin gadi. Lauyarmu ta ce ana iya nemo mini izinin leƙa gida in dawo, ni ne tsoro ya hana, ina ganin in na fita ƙofar za ta rufe a bayana. A cikin wannan jiran ɗana Arnel ya kere ni tsawo, muryarsa ta buɗe, yana gaishe ni a waya kamar yana gaida shugaban makaranta. A cikinsa kuma idon mahaifiyata ya rufe. Tana nan da ranta, da bakinta ma, amma ba za ta ƙara ganin fuskata ba. Da bizar ta fito a kan kari, da na je tana gani.

Amma ba zan ci amanar gaskiya ba. Clarrie ne ya ɗauki nauyin lauya, bai taɓa cire mini ko sisi ba. Ranar zaman kotu a birnin Perth ya zo cikin kwat ɗin da ya yi aure da ita, maɓallin ya ƙi haɗuwa. Manoma suka bar gonakinsu suka cika mota. Alƙaliyar ta tambaye shi ko shi ya faɗi waɗannan kalmomi. Ya miƙe ya ce, “Ni na faɗa, ranki ya daɗe. Kullum ma ina faɗa. Matata Lorraine ma haka nake ce mata tun da muka yi aure, ga ta can, ki tambaye ta.” Daga can bayan kotun Lorraine ta ɗaga murya, “Kuma har yau ban ga wanda ya zo kwashe ni ba!” Aka kira wata tsohuwar manomiya, ta ce, “Dogo ai ɗan banza ne. Ya kasa kunne ya ji tarin taraktata daga bakin titi, ya faɗi ciwonta kafin in buɗe baki. In kuka kore shi, ke za ki zo ki girbe mini alkamar?” Noel ma ya ba da shaida, kansa a sunkuye yana ta sheƙi. Na ga alƙaliyar ta sa hannu ta rufe baki. Lauya ta baje shaidar ayyukan da na yi, da tallar neman bakanike da garejin ya yi ta bugawa ba wanda ya zo. Aka soke hukuncin farko, aka mayar da takardun ofis, watan jiya biza ta fito. Mu huɗu duka!

Manang, na yi kuka a bayan gareji kamar yaro. Nenita ta yi ihu a waya, irin wanda na tabbata maƙwabta sun ɗauka gobara ce. ’Yata ta ce in tanadar mata kangaru guda, mai hankali. Garin nan kaf suka haɗu aka gasa naman rago, na dafa musu shinkafa da kaza irin ta gida, suka share tukunya suna cewa ba daɗi. Lorraine ta riga ta sa sunan yaran a makaranta. Clarrie ya jefo mini makullin wani gidansa mai bishiyar lemun tsami a tsakar gida, ya ce, “Shi ke nan, na maƙale da kai, malalacin banza.”

Ga ƙullin. Tun ranar da abin ya faru har yau, mutumin nan bai taɓa buɗe baki ya ce “yi haƙuri” ba. Ko sau ɗaya. Ya kashe kuɗi, ya sha kunya a gaban kotu, amma kalmar nan ta gagare shi. Kuma da kalmar da ta cinye mini shekaru, da ita ya taya ni murna. Yanzu wani ɗan’uwana ya samo mini aiki a wurin haƙar ƙarfe can arewa, albashin ya ninka nawa. Wani lokaci nakan hango kaina na miƙa wa Clarrie takardar ajiye aiki ana gab da girbi, in tsaya in kalli fuskarsa. Na san wannan mugunta ce, amma tunanin na yi mini daɗi. Nenita ta ce, “Kai dai ka faye riƙo, ni gidan nan mai bishiyar lemo nake so.” In zauna ne in haɗiye, ko in tafi?

Ban tara dukiya ba, abin da na samu gida yake tafiya. Abin da na iya adanawa shi ne hutun da ban taɓa ci ba, mako goma sha tara, da akwati biyu na tsaraba, da takalman yara da na yi ta saya suna yi musu kaɗan kafin in kai.

Naki,
Dogon da bai kai ba

*

Ƙanena Dogo,

Da farko barka, barka, barka! Na karanta wa mijina labarin kotunku, sai da shayi ya sarƙe shi. Mutane da yawa sun rubuto mini daga tsakiyar irin wannan jira, kaɗan ne suka rubuto daga ƙarshensa. Ka bar kanka ka ji daɗi, ai ka riga ka biya kuɗinsa da tsada.

Ƙullinka ba riƙon banza ba ne. Wasa ya yi, amma kai ka ɗauki ɗawainiyar, kuma kuɗin lauya ba zai buɗe idon tsohuwa ba. Wanda ya ce ka manta kawai don biza ta fito bai yi maka adalci ba.

Sai dai ina da tambaya. Ka taɓa gaya masa? Na karanta wasiƙarka sau biyu, ban ga inda ka ce Clarrie ya san zancen idon mahaifiyarka ba. Na san mu. Za a taka mu, mu yi murmushi mu ce “ba komai, Yallaɓai,” mu je ɗaki mu kwana muna tafasa. Su suna ɓoye ƙauna a cikin zagi, mu muna ɓoye fushi a cikin ladabi. Ka daɗe da koyon fassara harshensa, shi kuwa ba wanda ya koya masa naka. Ina kyautata zaton a ganinsa ya daɗe da ba da haƙuri, da kwat ɗin nan da ta matse shi da makullin gida, kuma ya ɗauka ka karɓa, tunda kullum fuskarka a sake take.

Game da aikin arewa, kada ka sa hannu a komai sai ka koma wurin lauyarku. Irin wannan biza takan zo da sharaɗin zama da wanda ya tsaya maka na wani lokaci, kuma wanda ya fice da wuri ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba yana iya jawo wa kansa tambayoyin da ba ya so. Ta duba taka ta faɗa maka. Ko da an ce hanya a buɗe take, ka tambayi ɗan’uwanka sau nawa yake kwana a gidansa cikin wata. Ka yi shekara shida kana neman ranar da za ka zauna cin abinci tebur ɗaya da Arnel. Kada ka kawo shi ƙasar nan ka ci gaba da zama uban waya. Idan iyali sun zauna, sun ga girbi ɗaya, har yanzu kana son tafiya, ka tafi da rana tsaka, ka ba shi isasshen lokaci ya nemi wani. Barin aiki haƙƙinka ne. Barinsa ana gab da girbi kuwa, tsohuwar nan mai tarakta za ka hukunta, ita da ta je har Perth dominka.

Ka ci hutunka, ka je ka ɗauko su da kanka, ka daɗe a gefen mahaifiyarka. Amma kafin ka tafi, ka yi wa Clarrie magana. Kada ka zaunar da shi fuska da fuska, irinsu tsorata suke yi. Ka bari kuna ƙarƙashin inji ɗaya, hannuwa na aiki, ka ce, “Clarrie,” ba Yallaɓai ba, “wayar nan ta sa mahaifiyata ba za ta ƙara ganina ba, kuma abin na ci mini rai.” Ka tsaya nan. Kada ka yi saurin cewa ba komai. Wataƙila kalmar ta fito, wataƙila ta fito a karkace. Ko yaya ta fito, za ka san ya ji, kuma daga nan ne za ka gane ko zama kake so ko tafiya.

In kuma ka zaɓi zama, akwai abin da mutumin nan ya daɗe yana jira daga gare ka. Ranar da ka dawo, da ya ce malalacin ya iso, ka dube shi ka ce, “Ina kwana, tsohon da bai iya amsa waya ba.” Ka tabbata Noel na kusa.

Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da ku lafiya ku huɗu, ya sa garin ya karɓe ku. Ka gaishe mini da Nenita, ka ce ina bayanta.

Yayarka,
Manang Cora