Gurbinki a Kujerar Bakin Taga

Zuwa ga Noreen,

Ya sanyin idona, ya hasken da ke kwanciya a kan tafki da sassafe kafin jiragen ruwa masu dakon tama su motsa! Ya ɗumin ɗakina a watan da ƙanƙara ke toshe mana ƙofa! Ya wadda na kira da sunaye masu daɗi shekara talatin da huɗu, yau kuma na zauna da alƙalami na rasa wanne ne ya dace da ke!

Kin ga matsalar tun daga farko. Na so in rubuta cewa idanunki taurari ne, sai muryar Malama Yolanda, malamar zanenmu, ta faɗo mini a kunne: "Harlan, ajiye abin da ka sani, zana abin da ka gani." To me na gani? Idanunki ruwan toka ne, na hagu ya ɗan fi na dama ƙanƙanta, kuma sai kwanan nan na sani. Ni da ke kwana ɗaki ɗaya tun kafin gashina ya zube! Kaina ya ɗaure, Noreen, ɗaurin da ban taɓa jin irinsa ba ko ranar da na ɓace da tirela cikin hazo a hanyar Montana.

Yau kwana tara da kika ɗauki ƙaramar jaka kika tafi Marquette wajen yayarki Bernice. Kin bar mini miya a firji, kin rubuta ranar cin kowace a kan murfi. Mai fushi tana yin haka? Amma kuma ba ki faɗi ranar dawowa ba. Ba ki ce kin yi fushi ba, ba ki ce ba ki yi ba. Kika naɗe zanen da na yi miki kika tafi da shi, kika bar mini tambaya ɗaya da ta hana ni sakat: laifina shi ne na gan ki, ko kuwa na daɗe ban gan ki ba?

Ke fa kika jawo! Da na miƙa makullin tirela a kaka na dawo gida zama, mako uku kawai kika iya jure ni. Ranar da na kwance injin wanki mai lafiya karo na biyu, kika riƙe ƙugu kika ce, "Kai dai ka fita ka koyi wani abu kafin ka kwance ni ni ma." Kika rubuta sunana a ajin zane na masu farawa, Talata da safe, a ɗakin taron unguwa. Mu goma sha biyu, duk furfura, kowa da fensir kamar ɗan firamare.

Ranar farko ƙwai aka ba mu. Ƙwai, Noreen! Na ce a raina wannan ai raini ne, na zagaya layi na ajiye fensir. Malama Yolanda ta zo ta tsaya a kaina, ta ce in nuna mata inda layin yake a jikin ƙwan. Na duba, na sake dubawa. Babu layi. Haske ne a gefe ɗaya, inuwa a ɗaya gefen, sai wani ɗan haske da ke dawowa daga tebur ya haska cikinsa ta ƙasa. Shekara sittin da uku ina fasa ƙwai a kasko ban taɓa ganin wannan hasken ba. Daga nan ta koya mana awo: ka miƙa hannu sosai, ka rufe ido ɗaya, ka sa babban yatsa a jikin fensir ka gwada tsawo da faɗi. Ta ce idon mutum a tsakiyar kansa yake, ba can sama ba. Na yi mata gardama har sai da na auna sanƙon Gunnar, tsohon ɗan kwana-kwanan da ke zama kusa da ni, yana ta cewa, "A hankali da fensirin nan, malam, ido biyu kaɗai gare ni." Gaskiyarta ce. Duk abin da na rantse na sani, in na auna sai ya ƙaryata ni.

Sai mako na shida ta ce kowa ya zano fuskar wani na gida. Na yi murna, na ce wannan kam ba sai an koya mini ba. Ko kiranki ban yi ba. Kina kicin kina yanka albasa, ni ina falo, na zana ki daga kaina cikin minti ashirin. Da na kai, Malama Yolanda ta ɗaga takardar ta ce, "Wace yarinya ce wannan?" Na ce matata. Ta tambayi shekarunki, na ce hamsin da tara. Ta ce, "To wannan ko talatin ba ta kai ba. Koma gida ka dubi matarka." Ajin ya kwashe da dariya, ni kuwa na gane fuskar. Hoton nan ne naki na bakin tafki, mai jar hula, wanda na maƙala a saman gilashin tirela. Shi na yi ta kallo daga Duluth zuwa Laredo, daga Laredo zuwa Spokane, shekara da shekaru. Na ɗauka ke nake kallo.

Kin tuna Lahadin nan da muka dawo daga coci? Ina roƙonki ki tuna ta, ko da ita ce ta kore ki. Kika zauna a kujerar bakin taga, mayafin ulunki mai ruwan ganye a kafaɗa, hasken rana yana zubo miki ta dama. Kika ce, "In ka yi mini hanci irin na Gunnar, kai da abincin dare sai gobe." Na miƙa hannu, na rufe ido ɗaya, na fara awo. Wayyo, Noreen! Awa biyu ina tafiya a fuskarki kamar baƙon direba a garin da ba shi da taswira. Ga layi biyu tsakanin girarki, masu zurfi. Ga ɗan gurbin da tabarau ya yi a karan hancinki. Ga furfura a gefen kunne, mai sheƙi, kyakkyawa, wadda fensirina ya kasa. Zuciyata tana bugawa kamar ranar da na fara riƙe hannunki, kuma ban san ko so ne ko tsoro ba.

Bakinki ne ya ba ni wahala. Na zana gefensa ya ɗaga sama, yadda na sani. Na auna, awo ya ce ƙasa ya yi. Na goge. Na sake ɗaga shi kaɗan, don ban yarda ba. Sau huɗu ina gogewa har takardar ta fara laushi, a ƙarshe na bar shi yadda yake. Idanunki kuma ba ni suke kallo ba, sun wuce ta kafaɗata sun tafi kan titi, inda tirela ke shawo kwana in na dawo. Ga ni zaune a gabanki, amma idonki bai daina jira ba. Hannuna ne bai iya ba? Ɗan koyo ne ni, wata biyu kacal, mai yiwuwa kuskure ne. Allah ya sa kuskure ne! Amma na auna, Noreen. Sau huɗu na auna.

Da na gama kika ce wuyanki ya ƙage, kika taso kika karɓa. Kika daɗe kina kallo. Sai kika ɗora yatsa a kan ɗan tabon da na zana a ƙarƙashin haɓarki, kika ce, "Wannan shekararsa goma sha ɗaya. Na zame a kan ƙanƙara a bakin ƙofa, ɗinki shida. Kana Texas." Ba ki ɗaga murya ba. Kika tambaye ni ko zan sha kofi. A wancan lokacin na dawo daga Texas ɗin nan, na sumbace ki a bakin ƙofar nan, na ci abinci, na yi barci, na sake tafiya, ban gani ba. Kunya ta kama ni har na kasa cewa uffan, kuma shirun nan nawa yana cikin abubuwan da nake neman gafararsu. Bayan kwana biyu kika tafi.

Na tambayi kowa, kowa ya ƙara rikita ni. Gunnar ya ce, "Kai ma da neman magana! Wa ke zana matarsa da gaskiya? Rage mata shekara goma ka zauna lafiya." Malama Yolanda ta ga hoton zanen a wayata ta ce shi ne abu na farko da na zana da idona. Bernice kuwa, da na kira, cewa ta yi kin jingine shi a jikin kwalbar sukari, kina shan kofi kina kallonsa kowace safiya, ita ma ba ta san ko so ne ko harara ba. To ni wa zan bi? In muninsa ne ya ɓata miki rai, me ya sa ba ki jefa shi a murhu ba? In kuwa ya yi miki daɗi, me ya kai ki Marquette?

Talatar da ta wuce an koya mana wani abu da ya ƙarasa juya mini kai. Malama ta ajiye kujera a tsakiyar aji ta ce kada kowa ya zana kujerar, mu zana sararin da ke kewaye da ita, da ramukan da ke tsakanin ƙafafunta, kujerar za ta fito da kanta. Na dawo gida na zauna inda na zauna ranar Lahadin. Na zana gefen labule, da hannun kujera, da lotsawar da matashi ya yi, da mayafinki da kika bari a rataye. Tsakiyar ban taɓa ta ba. Da na ɗaga takardar, sai ga ki: farin wuri mai kafaɗa ɗaya a karkace, daidai yadda kike zama. Shi ne na saka miki a cikin ambulan ɗin nan. Ban san ko zane ne mai kyau ba, ban ma san ko ya kamata in aiko ba.

Ki dawo, abar ƙaunata. Ki dawo da layukan nan biyu na girarki, da tabon, da bakin da ya yi ƙasa. Hoton jar hula, da na mayar walat bayan na bar tirela, na cire shi na sa a durowa. Yarinyar kyakkyawa ce, amma ba ita ta faɗi a bakin ƙofa ta tashi ita kaɗai ba. Ba zan yi miki alkawarin zane mai kyau ba, har yanzu zana kunne yana gagarata. Alkawarina shi ne duk alamar da na gani a fuskarki zan ajiye fensir in tambaye ki labarinta, in saurara har ki gama, ko da labarin laifina ne.

Ranar Talata, sha takwas ga wata, ƙarfe goma na safe, shi ne ajinmu na ƙarshe, kowa zai zo da wanda zai zauna masa. Na rubuta sunanki a takarda ban tambaye ki ba. Wataƙila wannan ma wani kuskuren ne. Gunnar ya ce in ba ki zo ba zai ara mini sanƙonsa, na ce masa ya riƙe abinsa. In ba ki zo ba, kujera zan ajiye a gabana in zana abin da ke kewaye da ke, har ranar da za ki zo ki cika wurin.

Naki, da idanu biyu a buɗe, muddin suna gani, da bayan sun daina,

Harlan