Na'urar Gadar Sama Ta Kulle

Neiva, Litinin

Babana,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya gwiwar? Yaya Gwaggo Edilma da jikokinta? Direban motar madara zai kawo maka wannan, tunda wayarka ta fi son zama a aljihun rigar coci.

Baba, na yi ɓarna, tun safe na kasa zama wuri ɗaya. Ka san na'urar da muka kafa a gadar sama, wadda ke kan kogi can sama da ƙauye, cikin Janairu, wadda ta raba ka da aikin auna kogi. Duk minti goma manhajar da na rubuta tana ƙwanƙwasa mata daga nan ofis. Na'urar ta tambayi suna, ta tambayi kalmar sirri, sannan ta faɗi tsayin ruwa. In ya haura mita uku, jiniyar ƙauye ta tashi.

To ni, da garajen da ka san ni da shi, ban koya wa manhajar ta saurari tambaya ta biyu ba. Cewa na yi ta faɗi suna, ta ƙirga daƙiƙa biyu, ta jefa kalmar. Da rani na gwada ta, ba ta taɓa ba ni kunya ba. Ruwan ranar Asabar kuwa ya sa layi ya yi nauyi, kalmar ta riƙa isa tun ba a tambaye ta ba. Sau uku a jere, na'urar ta ɗauka ɓarawo ne, ta kulle. Yanzu sai mutum ya tsaya a gabanta za ta buɗe.

Kwana biyu allon ofis na nuna mita ɗaya da rabi, kowa na murna kogi ya kwanta. Da na gaya wa ogana Rubiel, cewa ya yi, "Ke da kika ce tsoho ya huta, ga shi kin hutar da kogin ma." Wai babu motar ofis da za ta je can sai Juma'a.

Gidan Gwaggo ne na farko a bakin ruwa, kuma jiniya ba za ta yi ƙara ba. Kunya nake ji, amma don Allah ka hau zuwa gadar. Ga makullin akwatin na'urar a cikin ambulan. Ka danne jan maɓallin, ka ƙirga goma, ka saki.

Taka,
Nohemí

Neiva, Alhamis

Babana,

Ina gaishe ka, ina gaishe ka. Allah ya sa ƙafar ba ta kumbura ba. A gaishe min da Gwaggo da duk waɗanda ke kwana a makaranta.

Jiya da ƙarfe goma na safe na'urar ta amsa. Mita uku da rabi. Kofi ya zube a kan siket ɗina, na kira limamin coci. Sai ya ce in kwantar da hankalina, ai tun Lahadi ka bi gida gida ka kwashe mutanen bakin ruwa zuwa makaranta, har da aladun Gwaggo, tana ta zaginka a hanya. Ya ce ruwa ya kai tagar ɗakinta.

Na gyara manhajar. Yanzu ba ta furta komai sai ta ji an tambaye ta, in kuma lamba ta tsufa, allon ya yi ja.

Direba ya kawo littafinka na awon kogi. Na buɗe ina neman faɗa, ko layi ɗaya, ban samu ba. Lambobi ne kawai, safe da yamma, tun ranar da muka yi maka walimar sallama. Kwana tamanin da tara, babu fashi. Na ƙirga sau biyu.

Rubiel ya karanta a tsaye, ya tambaya ko zai iya riƙe shi. Na ce a'a, mai shi yana buƙatarsa gobe da safe. Ga shi nan na mayar, da sabon fensir.

Baba, ka yafe mini.

'Yarka,
Nohemí