Tuffar Gobe Ban Yanka Ba

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farkon damina a kan busasshiyar zuciyata, Yaya Dong-chan,

Ka tuna ranar da muka fito daga asibiti a Daegu, likita ya ce jininka ya hau, lallai kullum ka ci rabin kilo na ganye da 'ya'yan itace? Ka ɓata rai kamar yaron da aka hana alewa, kana cewa kai ba akuya ba ne. Wa ya lallashe ka? Wa ke tashi da sassafe wata bakwai cur, tana auna alayyafo da kabeji da karas a kan sikeli, tana feraye tuffa, tana jera maka a kwanon tafiya aiki? Ni ce, Seon-ok, wadda sonka ya mayar da ita mai awon ganye!

To, me ya faru ran Lahadi a wurin cin abincin rana? Abokiyar aikinka Hye-rin tana fama da ɗaukar kaennip, siririn ganyen nan da ake ci da shinkafa, ya manne da ɗan'uwansa, sai kawai ka miƙa tsinkenka na cin abinci ka danne mata na ƙasa. A gabana! Tsinken da ya fito daga bakinka! Ashe idonka na kan kwanonta tun ɗazu? Ni sau nawa ganye ya manne mini, kana can kana latsa waya?

Bai ishe ta ba, sai da ta karkace kai ta ce, "Kai, Yaya, tuffar nan taka ta ofis akwai zaƙi!" Yaya! Tuffata! Wato ni ke feraya, ita ke ƙara kyau, jininka kuma ko oho.

Kishi nake yi, ba zan ɓoye ba, yana ci na kamar garwashi. Ina roƙonka, hasken safiyata, ka faɗa mini gaskiya: ni kaɗai ce, ko kuwa mu biyu muke raba ka?

Kwanon gobe na nan, giram ɗari biyar cif, fushi bai sa na rage ko ganye ɗaya ba, don ina son ka rayu. Amma tuffar guda ce, ban yanka ba, kuma na gatse ta da haƙorina. In ga ta inda za ka miƙa mata.

Taka har numfashina na ƙarshe, ko kana so ko ba ka so,
Seon-ok